Daga Dandali Zuwa Filin Muhammadu Dikko: Waiwaye Kan Ranar Wasa a Katsina

Ranar wasa, wato ranar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙwararru take karɓar baƙuncin takwararta a filinta bisa jadawalin gasa, ba ta daɗe da samun gurbi a cikin makon Katsinawa ba, idan aka auna ta da ranar kasuwa ko ranar Juma'a waɗanda suka shafe ƙarnoni suna tsara zirga-zirgar mutanen birni. Duk da haka ta riga ta zama abin da ake gane shi da ido, domin wanda ya tsaya a Ƙofar Durbi bayan Azahar a ranar Lahadin da Katsina United take gida zai ga samari rukuni-rukuni suna tsayar da Keke Napep da 'yan acaɓa, wasu da rigunan ƙwallo, wasu da kaftani da hula, dukkansu sun nufi filin wasa na Muhammadu Dikko. Ƙofar ta samo sunanta daga sarautar Durbi, wadda take da jiɓi da Durɓawa da suka fara mulkin ƙasar Katsina, kuma a yau sunan ya fi nuni ga unguwa da mahaɗar hanyoyi fiye da ƙofar ganuwa da ake rufewa da dare. Abin lura a cikin wannan sauyi shi ne cewa ginin da samarin suke nufa da dokokin wasan da za su kalla baƙi ne, amma ɗabi'ar kallon da suke tafiya da ita ta gida ce, ta girmi ƙwallon ƙafa da shekaru masu yawa, kuma daga haɗuwar waɗannan biyu ne daɗin ranar wasa da fitinarta suke fitowa.

Kafin zuwan ƙwallo, ƙasar Hausa tana da wuraren kallonta. Akwai fagen dambe, wanda ya fi tashe da kaka bayan an kawar da amfanin gona, kuma mahauta ne suka fi shahara da shi; akwai kokawa, da langa a dandali da daren farin wata, da sukuwar dawaki, sannan akwai Hawan Sallah wanda ya fi duka tara jama'a. A duk waɗannan wurare babu katanga tsakanin mai yi da mai kallo, domin jikin 'yan kallo shi ne iyakar fage, su ne suke yin da'ira, su ne suke matsawa baya idan dambe ya yi zafi, su ne kuma suke kutsawa ciki su ɗaga gwaninsu idan ya yi kisa, wato idan ya kai abokin karawarsa ƙasa. Abin da mai kallo yake kashewa ya fi karkata ga kari, wato kyautar da yake yi wa makaɗi ko ɗan wasa a bainar jama'a, inda maroƙi zai ambaci sunansa da na ubansa. Mai kallo a irin wannan fage ba baƙo ba ne da ya sayi wurin zama, ɗan ɓangare ne, yana da gari ko unguwa ko sana'a da yake karewa, kuma kirarin da ake yi wa ɗan wasa rabinsa na mutanen da suka rako shi ne.

Ƙwallon ƙafa ta shigo ta wata hanya dabam. Bayan Turawan Ingila sun shiga Katsina a 1903, makarantar boko ce ta zama ƙofar wasanninsu, musamman Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 domin horar da malamai, wadda daga baya aka mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. A irin wannan makaranta ne ɗan Arewa ya fara saduwa da wasan da agogo yake yanke tsawonsa, wanda aka shata wa fili da farin layi, aka kuma ɗora masa mutum guda mai usur da hukuncinsa ba ya karɓar jayayya. Sai dai a idon fada da manyan gari ƙwallon ƙafa wasan 'yan makaranta ce, domin wasan da ya samu daraja a Katsina shi ne ƙwallon dawaki, wato folo, wanda Sarki Muhammadu Dikko, da ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya runguma ya kuma yaɗa a tsakanin 'ya'yan sarauta, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya yi suna a cikinsa har a wajen Najeriya. Folo yana bukatar doki da barga da masu kiwo, ita kuwa tamaula ba ta bukatar komai sai tsumma da aka ƙulle da duwatsu biyu a matsayin raga, saboda haka ta tsallake katangar makaranta ta bazu a lungunan unguwanni, har ta kai ga kusan kowace unguwa tana da ƙungiyar samarinta. A wannan mataki ƙwallon ta ɗauki kamannin fagen dambe sosai: fili ne na rairayi babu shinge, 'yan kallo suna tsaye a kan layi, alƙalin wasa ɗan unguwa ne da kowa ya san gidansu, kuma idan aka ci ƙwallo ana shiga fili a yi murna kafin a koma a ci gaba.

A matakin ƙasa kuwa, gasar kofin ƙalubale ta faro a 1945, gasar rukuni ta ƙasa ta faro a 1972 inda Mighty Jets ta Jos ta fara lashe ta, Raccah Rovers ta Kano kuma ta ɗauka a 1978, amma sai a 1990 aka ƙaddamar da gasar ƙwararru. Ƙwararre a nan yana nufin ɗan wasan da ƙwallo ce sana'arsa, yana da yarjejeniya a rubuce da albashi, ana iya sayensa daga wata ƙungiya a kuma sayar da shi ga wata, saɓanin na da wanda ma'aikaci ne a kamfani ko ma'aikatar gwamnati yana buga wasa da yamma. Wannan sauyi ya zo ba da jimawa ba bayan Katsina ta zama jiha mai cin gashin kanta, domin an cire ta daga tsohuwar Jihar Kaduna a ranar 23 ga Satumba 1987, kuma sabuwar jiha a Najeriya tana bukatar alamomin da za ta nuna kanta da su, ciki har da ƙungiyar ƙwallo mai ɗauke da sunanta. Katsina United ta bayyana a 1994, kuma ba da jimawa ba ta yi abin da dattawan 'yan kallo suke ambata har yau, wato kaiwa wasan ƙarshe na kofin ƙalubale sau uku a jere, a 1995 da 1996 da 1997, inda Shooting Stars ta Ibadan da Julius Berger ta Legas da BCC Lions ta Gboko suka hana ta ɗaukar kofin ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiyar ta yi wannan bajinta ne ba tare da babban fili na zamani ba, abin da ya kamata masu ganin cewa gini shi ne yake haifar da ƙwallo su riƙa tunawa.

Babban filin ya zo a makare. An aza harsashinsa a farkon shekarun 1990 a zamanin gwamnan soja John Madaki, sannan aikin ya tsaya kusan shekara ashirin, har sai da gwamnatin Ibrahim Shehu Shema ta kammala shi aka buɗe a 2013 da sunan filin Karkanda, mai ɗaukar mutum kusan 35,000. A 2016 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sauya masa suna zuwa na Sarki Muhammadu Dikko, don haka gidan wasan talakawa ya ɗauki sunan uban wasan sarakuna, kodayake har yau bakin jama'a bai saki sunan Karkanda ba. A shekarun farko na filin, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta yi zaman aro a cikinsa saboda rikicin Boko Haram da ya hana buga wasa a Borno, kuma ta wannan hanya ce samari da yawa na Katsina suka fara ganin manyan ƙungiyoyin ƙasar ido da ido, kafin Katsina United ta samu hayewa babban rukuni a 2016 ta fara karɓar baƙi a matsayin mai gida.

Yadda ranar wasa take gudana ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne ake ganin inda tsarin baƙo ya lanƙwasa ya bi na gida. Galibi ana take wasa da ƙarfe huɗu na yamma, lokacin da aka zaɓa saboda zafin rana ya fara sauka kuma ana so a gama kafin duhu ba tare da dogaro da fitilu ba, amma a Katsina wannan lokaci ne na La'asar, saboda haka wanda ya isa da wuri zai tarar da sahu-sahu a gefen katanga da ƙarƙashin matakala, ana alwala da ruwan leda, ana shimfiɗa ɗankwali ko kwali, wani ya shige gaba ya ja salla cikin hanzari domin an ji usur ya kusa. Minti casa'in na wasa da hutun rabin lokaci na minti goma sha biyar suna kai mutane dab da Magariba, kuma wannan ne ya sa fitowa daga fili take da gaggawa fiye da shiga. A bakin ƙofa akwai kasuwa ta yini guda wadda babu wanda ya tsara ta: masu rake da masu aya da dabino, masu gyaɗa da dafaffen ƙwai, masu tsire da hayaƙinsu, yara masu tallan ruwan leda da zoɓo, da masu tsaron babura da suke karɓar ɗan abin da ya samu. Ga waɗannan mutane sakamakon wasa ba shi ne abin damuwa ba, yawan jama'a shi ne, kuma su ne suke fara jin jiki idan hukumar gasa ta hukunta ƙungiya da buga wasa ba 'yan kallo.

Ƙofar shiga ita ce wurin da ɗan kallo yake karo da sabon tsari gaba da gaba, domin a nan ake neman tikiti, wato takardar shaidar biyan kuɗi, a nan ake caje jiki, a nan kuma ake raba mutane gida-gida bisa abin da suka biya. Akwai ɓangaren manyan baƙi da jami'an gwamnati, akwai ɓangare mai rumfa, sannan akwai faffaɗan ɓangaren da rana take duka, wanda shi ne mafi araha kuma shi ne zuciyar filin. A can ne ƙungiyar magoya baya take zama da ganguna, kuma kiɗan ba ya tsayawa sai dai ya sauya salo, ya yi sauri idan an kai hari, ya koma na zolaya idan mai tsaron gidan baƙi yana jan lokaci. Ana yi wa 'yan wasa kirari da laƙabi kamar yadda ake yi wa 'yan dambe, ko da ɗan wasan daga Inugu ko Kalaba ya zo kuma bai fahimci rabin abin da ake faɗa ba, kuma ba abin mamaki ba ne a ga wanda ya ci ƙwallo ya fita da kyautar kuɗi daga hannun wani mai hali, wanda shi ne tsohon karin nan ya sake bayyana. Akwai kuma abin da ido yake samu a fili wanda talabijin ba ta bayarwa, domin na'urar ɗaukar hoto ƙwallo take bi, shi kuwa mai zaune a saman matakala yana ganin fili baki ɗaya, yana ganin ɗan bayan da ya bar gurbinsa tun kafin a jefa ƙwallo ta wurin, yana jin ihun koci da ƙarar haɗuwar ƙafa da ƙafa. Wannan ne ya sa tsofaffin 'yan kallo suke yi wa masanan gidan kallo kallon waɗanda suka san sunaye amma ba su san wasa ba, hukuncin da yake da ɗan son kai a ciki amma ba a rasa gaskiya a cikinsa ba.

Gidan kallo, wato rumfa ko ɗakin kwano mai benci da janareto da akwatunan talabijin inda ake biyan kuɗi kaɗan a kalli wasannin Turai ta tauraron ɗan'adam, shi ne babban kishiyar filin wasa. Ya yaɗu a biranen Arewa daga ƙarshen shekarun 1990, bayan Najeriya ta je gasar cin kofin duniya a Amurka a 1994 ta kuma ci zinare a Atlanta a 1996, 'yan wasanta irin su Nwankwo Kanu suka koma manyan ƙungiyoyin Ingila, samari kuma suka bi su da zuciya. A shekarun da filin Karkanda yake kwance ba a gama ba, wani ƙarni guda na samarin Ƙofar Durbi da Ƙofar Marusa da Ƙofar Ƙaura ya tashi yana goyon bayan Arsenal da Chelsea da Manchester United da Barcelona da Real Madrid, don haka lokacin da filin ya buɗe ya tarar da zukata sun riga sun yi aure. Shi ya sa rigunan waɗannan ƙungiyoyi suke da yawa a kan matakalar filin Muhammadu Dikko, kuma idan wasan gida ya haɗu da babban wasa a Ingila, wanda sau da yawa a yammacin Lahadi ake buga shi, ana ganin giɓi a wuraren zama, waɗanda suka zo ɗin ma rabin hankalinsu yana kan waya. Illar gidan kallo ba ta tsaya ga rage jama'a ba, ta sauya ma'aunin da ake auna wasa da shi, domin idon da ya saba da maimaita hoto daga kusurwa huɗu, da na'urar da take taimaka wa alƙali tantance satar gida, ba ya haƙuri da hukuncin mutum guda da ba za a sake dubawa ba.

Wani abin da ya bambanta ranar wasa a Katsina da ta Turai shi ne mallaka. Katsina United ta gwamnatin jiha ce, kamar yadda Kano Pillars da Wikki Tourists ta Bauchi da Plateau United da mafi yawan ƙungiyoyin babban rukuni suke hannun gwamnatocin jihohinsu, saboda haka albashin 'yan wasa da kuɗin tafiye-tafiye daga baitulmali suke fitowa, kuɗin ƙofa kuwa ɗan ƙari ne kawai. Wannan yana sa tikiti ya yi araha, wani lokaci ma a buɗe ƙofa kyauta ko wani ɗan siyasa ya saye tikiti ya raba, abin da yake cika fili amma yake rage wa ɗan kallo ƙarfin murya, tunda ƙungiyar da ba da kuɗinsa take rayuwa ba babu abin da zai tilasta mata gyara masa wurin zama ko banɗaki ko hanyar fita. Shugabannin ƙungiya kuma naɗaɗɗu ne, abin da ake tambayarsu a gidan gwamnati shi ne matsayi a kan teburi, kuma tunda nasara tana ba da maki uku, canjaras maki ɗaya, ga shi cin wasa a waje ya daɗe yana da wuya a gasar Najeriya, sai aka wayi gari kowa ya ɗauka cewa makin gida hakki ne da ba a taɓawa. Idan wannan tunani ya haɗu da ɗan kallon da ya gaji ɗabi'ar fage, wanda yake ganin kansa ɗan ɓangare ne mai ikon kutsawa ciki, to shingen da ke tsakanin matakala da fili ba ya isa ya riƙe shi.

Wani misali shi ne na watan Afrilun 2022, lokacin da Katsina United ta je filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano, wasa ya watse kafin lokaci saboda 'yan kallo sun shiga fili, aka farfasa motar baƙi, hukumar gasa kuma ta ci Kano Pillars tara ta kuma zaftare mata maki uku. A ƙarshen wannan kaka ƙungiyoyin biyu duka suka faɗa ƙaramin rukuni, Pillars da ta lashe gasa sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, tare da maƙwabciyarta, sai a 2023 suka dawo tare. Ba Kano kaɗai ke da wannan tabo ba, filin Katsina ma ya ga jifa da tarar hukuma, haka filaye da dama a Kudu. Hukuncin da aka saba yankewa, wato tara ko rufe ƙofa ko korar ƙungiya zuwa wani gari, yana faɗawa ne a kan mai rake da dattijon da ya zo kallo cikin lumana, wanda ya yi jifan kuwa ba a cika sanin sunansa ba, domin tikitin ba ya ɗauke da suna ko lambar kujera. Ingila ta sha irin wannan matsala fiye da haka, kuma bayan turmutsutsun Hillsborough a 1989, wanda ya yi sanadin mutuwar mutum 97, aka tilasta wa manyan ƙungiyoyi mayar da filayensu na zama zalla, aka cire shingayen ƙarfe, aka ɗora nauyin tsaro a kan ma'aikata horarru. A Accra kuwa, a watan Mayun 2001, hayaƙi mai sa hawaye da 'yan sanda suka harba a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko ya sa jama'a suka ruga ƙofofi, fiye da mutum 120 suka rasu. Darasin waɗannan wurare biyu ya fi shafar yawan ƙofofin da ake buɗewa da yadda jami'an tsaro suke tunkarar taro fiye da tsayin katanga, kuma fili mai ɗaukar 35,000 da ake shigar da jama'arsa ta 'yan ƙofofi kaɗan domin sauƙin karɓar tikiti yana ɗauke da haɗarin da ba a gani sai ranar da ya cika.

Akwai kuma waɗanda ranar wasa ba ta kai gare su ba. Mata ba su da yawa a kan matakala, iyaye da dama kuma ba sa barin ƙananan yara su je, ba don ƙin ƙwallo ba sai don ashar da hayaƙin sigari da tsoron abin da zai biyo bayan usur na ƙarshe, alhali Hawan Sallah, wanda ya fi wasan ƙwallo cunkoso, yana tara maza da mata da yara a titi guda. Magoya bayan baƙi ma sun ragu, domin matsalar 'yan bindiga a hanyoyin Arewa maso Yamma ta sa doguwar tafiya saboda wasa ta zama abin da ake tunani sau biyu, cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuma ya sa kuɗin Keke Napep daga cikin gari zuwa fili da dawowa ya zama abin lissafi ga saurayin da yake sana'ar hannu. Annobar korona ta 2020, wadda ta tsayar da gasa a watan Maris ta kuma sa aka dawo wasa a filaye wayam, ta nuna wa hukumomi cewa ana iya kammala jadawali ba tare da ɗan kallo ko ɗaya ba, tunda ba daga aljihunsa ake biyan albashi ba. A wannan lokaci 'yan wasa da alƙalai sun karɓi hakkinsu gwargwadon yadda gwamnatoci suka saki kuɗi, masu ganguna da masu tsire da masu tsaron babura kuwa suka koma jiran ranar da hukuma za ta ba da izinin sake buɗe ƙofa.